Tashar bin sawun kumbo ta Kano

Tashar bin sawun kumbo ta Kano tasha ce ta sadarwa wadda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kafa a Kano, arewacin Najeriya, a farkon shekarun 1960. Tana cikin tashoshi 18 da aka jera a kewayen duniya domin shirin Mercury, shirin da Amurka ta fara aika mutum sararin samaniya da shi. Aikinta shi ne ta yi magana da ɗan sama jannati ta rediyo a cikin 'yan mintocin da kumbonsa ke ratsa samaniyar Afirka ta Yamma, ta karɓi bayanan bugun zuciyarsa da numfashinsa da lafiyar na'urorin kumbon, ta aika da su Amurka. A duk jerin, ita kaɗai ce a kan doron nahiyar Afirka, domin ta Zanzibar da ta Kanari a kan tsibirai suke. Ta ci gaba da aiki har zamanin shirin Gemini.

Abin da ake tsoro

Kafin shekarar 1961 babu wanda ya san abin da zai sami ɗan adam idan ya fita daga iskar duniya jikinsa ya rasa nauyi. Likitoci sun yi ta hasashe. Wasu na ganin ba zai iya haɗiye abinci ba, wasu na tsoron ƙwayar idonsa za ta sauya siffa ya daina gani sosai, wasu kuma na cewa hankalinsa na iya gushewa. Tsoron na ƙarshe ya sa injiniyoyin Tarayyar Soviet suka kulle madafun tuƙin kumbon Vostok da lambobin sirri guda uku, don kada matuƙin ya taɓa su idan ya ruɗe. Amurkawa kuma sun manna wa John Glenn ƙaramin allon gwajin ido a gabansa, yana karantawa lokaci zuwa lokaci.

Shi ya sa aka fara da dabbobi. Karya Laika ta tashi a ranar 3 ga Nuwamba 1957, ta mutu a can, domin tun farko ba a yi tanadin dawo da ita ba. Karnuka biyu, Belka da Strelka, sun kewaya duniya sun dawo da rai a watan Agusta 1960.

Rokokin kansu abin tsoro ne. Asalinsu makamai ne masu linzami da aka ƙera don ɗaukar bam, aka cire bam ɗin aka ɗora mutum. Rokar Atlas da aka gwada da kumbon Mercury marar kowa a ranar 29 ga Yuli 1960 ta tarwatse kimanin minti ɗaya da tashinta. A ranar 21 ga Nuwamba na wannan shekara wata rokar, Redstone, ta ɗaga kamar santimita 10 daga ƙasa, injinta ya mutu, ta koma ta zauna. A ranar 25 ga Afrilu 1961 wata Atlas ɗin ta ƙi bin hanyar da aka tsara mata, jami'an tsaron filin suka fasa ta a sama da gangan. Irin wannan roka ce Glenn ya hau bayan wata goma.

Tarayyar Soviet ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, sai ta dogara galibi da tashoshin cikin iyakarta. Amurka kuwa ta zaɓi ta kafa sarƙar tashoshi a ƙasashen wasu, bisa manufar kada ɗan sama jannati ya wuce kimanin minti goma ba tare da wani a ƙasa ya ji muryarsa ba. Wannan manufa ce ta kawo NASA Kano.

Dalilin zaɓen Kano

Kumbon Mercury yana kewaya duniya a tsayin kilomita 160 zuwa 260, da gudun kusan kilomita 28,000 a awa, yana kammala kewaye ɗaya a ƙasa da awa ɗaya da rabi. Da irin wannan gudu, tazarar Kano zuwa Sakkwato ba ta ci masa minti ɗaya. Rediyon da aka fi dogara da shi kuwa ba ya bin lanƙwasar duniya: sai kumbo ya ɓullo daga gefen sararin da tasha ke iya hangowa za a ji shi sosai, da ya faɗa ta ɗaya gefen magana ta yanke. Don haka kowace tasha mintoci kaɗan take samu, da wuya su wuce shida ko bakwai.

Idan aka harba kumbo daga Cape Canaveral a jihar Florida, yakan bi ta kan Bamuda, ya ratsa Tekun Atlantika, ya wuce Tsibiran Kanari, ya gangaro kudu maso gabas ta kan Sahara ya nufi gaɓar Afirka ta Gabas. Tsakanin Kanari da Zanzibar akwai tazarar dubban kilomita, kuma Kano tana kusa da tsakiyar wannan hanya. Ga shi tana da abin da za a buƙata: filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, inda jiragen da ke tsallake Sahara suka saba sauka shan mai, da layin dogo da ya haɗa ta da tashar jiragen ruwa ta Legas.

An ƙulla yarjejeniyar kafa tashar tsakanin Najeriya da Amurka a watan Oktoba 1960, watan da Najeriya ta sami 'yancin kai. A lokacin Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ne Firayim Minista, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, shi ne Firimiyan Jihar Arewa, Sarkin Kano kuwa Muhammadu Sanusi na ɗaya. Zamani ne da ake ɗari-ɗari da duk wani abu na manyan ƙasashe. Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a watan Fabrairu 1960, lamarin da ya kai Najeriya ga yanke hulɗar jakadanci da ita a watan Janairu 1961. Ɗalibai sun yi zanga-zangar ƙin yarjejeniyar tsaro da Birtaniya, har aka soke ta a 1962. A Zanzibar an yi gangamin adawa da tashar Mercury ta can, masu adawar suna zargin sansanin makamai ne aka ɓoye da sunan kimiyya. Tashar Kano dai ba ta da iko ko na aika umarni ga kumbo. Sauraro da magana ne kawai aikinta.

Yadda take aiki

Kamfanin Western Electric ne ya jagoranci gina sarƙar tashoshin, tare da wasu kamfanoni irin su Bendix da IBM, aka kammala a 1961. Ba duka tashoshin ke da kayan aiki iri ɗaya ba. Wasu, kamar ta Bamuda da ta Muchea a Ostareliya, suna da na'urar radar mai auna inda kumbo yake da saurinsa. Ta Kano da ta Zanzibar eriyoyin karɓar bayanai da na magana suke da su.

A zamanin Mercury, duk lokacin da za a yi harbi akan turo ƙaramar tawaga daga Amurka zuwa irin waɗannan tashoshi: mai magana da ɗan sama jannati, injiniya mai lura da na'urorin kumbo, da likita. Da kumbo ya ɓullo, likita zai duba layin bugun zuciya da numfashi da ke fitowa a takarda, injiniya ya duba yawan iskar oksijin da man tuƙi da ƙarfin batir, mai magana kuma ya yi tambayoyinsa cikin gaggawa. Da ya ɓace, sai a buga taƙaitaccen rahoto a na'urar aika saƙon waya zuwa Amurka, inda kwamfutocin IBM 7090 na cibiyar Goddard ke lissafin hanyar kumbon, masu kula da tafiyar kuma suna zaune a Cape Canaveral. Mutanen da ke tashar nesa suna iya zama su kaɗai ne suka ga matsala da idonsu, kuma kafin rahotonsu ya isa kumbon ya riga ya kai wata nahiya.

Ba kowane kewaye ne ke bi ta kan Kano ba. Duniya tana juyawa a ƙarƙashin kumbon, saboda haka hanyarsa kan gusa yamma da sama da digiri 22 a kowane kewaye. Gwaji na farko da ya haɗa dukan tashoshin an yi shi a ranar 13 ga Satumba 1961, da kumbo ɗauke da na'ura mai kwaikwayon numfashin mutum. A ranar 29 ga Nuwamba aka aika wani biri mai suna Enos, wanda aka sauko da shi bayan kewaye biyu maimakon uku saboda matsalar na'urar daidaita kumbo.

Ranar 20 ga Fabrairu 1962

Kafin wannan rana Tarayyar Soviet ta riga ta yi gaba. Yuri Gagarin ya kewaya duniya a ranar 12 ga Afrilu 1961, Gherman Titov kuma ya kwana a sama a watan Agusta, ya yi kewaye 17. Amurkawa biyu da suka tashi a 1961, Alan Shepard da Gus Grissom, tsalle kawai suka yi na minti 15 suka faɗo cikin teku, ba su kai ko kusa da Afirka ba. Ko a hakan Grissom ya kusa nutsewa: ƙofar kumbonsa ta ɓalle bayan saukarsa, ruwa ya cika kumbon ya nutse, ba a tsamo shi ba sai 1999.

John Glenn, mai shekara 40, ya tashi a kumbon Friendship 7 da ƙarfe 3:47 na yamma agogon Najeriya, bayan an sha ɗage tafiyar. Kumbon ƙarami ne, faɗin gindinsa bai kai mita 2 ba. Ranar ta faɗo a tsakiyar watan azumi, ana cikin hunturu. Ƙasa da rabin awa da tashinsa ya iso samaniyar Kano, ya shaida wa tashar cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, aka amsa masa cewa ai mako guda ke nan ana fama da iska mai ƙarfi. Wato hazon da kowane Bakano ya sani ne aka gani daga sama. A wannan yankin ne kuma ya karɓi tuƙi da hannunsa, ya juya kumbon har ya fuskanci inda ya nufa, domin ainihin tsarin tafiyar da baya yake yin ta. Gwaji ne mai muhimmanci, don ya nuna mutum na iya sarrafa kumbo cikin rashin nauyi da cikakken hankalinsa.

Matsaloli sun zo daga baya. A ƙarshen kewaye na farko ɗaya daga cikin ƙananan bututun da ke daidaita kumbon ya fara gardama, Glenn ya koma tuƙi da hannu a yawancin sauran tafiyar. Sai kuma wata alama ta bayyana a cikin bayanan da tashoshin ƙasa ke karɓa, tana nuna garkuwar zafi ta kwance. Garkuwar nan ita ce faifan da ke gindin kumbo, mai tare zafin da kan haura digiri 1,600 a ma'aunin Selsiyos lokacin dawowa cikin iskar duniya. In da gaske ta kwance, Glenn zai ƙone. Masu kula da tafiyar ba su gaya masa kai tsaye ba. Sai tashoshi suka riƙa yi masa tambayoyi a kaikaice, ko wani makunni a kashe yake, ko yana jin wani abu na kaɗawa, har ya gane da kansa akwai abin da ake ɓoye masa.

Shawarar da aka yanke ita ce kada ya yar da ƙunshin rokokin birki bayan sun gama aiki, ko igiyoyin ƙarfen da suka ɗaure shi za su riƙe garkuwar. Babu wanda ya taɓa gwada haka. Yana shigowa iskar duniya rediyo ya ɗauke na kimanin minti huɗu, kamar yadda aka sani zai faru, shi kuma yana ganin gutsattsarin wuta suna wucewa ta tagarsa, bai san ko na ƙunshin ba ne ko na garkuwar. Ya sauka lafiya a Tekun Atlantika bayan kewaye uku, cikin awa 4 da minti 55. Bincike ya nuna garkuwar lafiyarta ƙalau, ƙaramin makunni ne ya ba da alamar ƙarya. 'Yan sama jannati ba su ji daɗin ɓoye masa da aka yi ba, kuma suna da hujja: wanda ransa ke ciki shi ya fi cancanta ya sani.

Sauran tafiye-tafiyen Mercury

Mutum uku suka biyo bayan Glenn. Scott Carpenter, a ranar 24 ga Mayu 1962, ya kusa ƙarar da man tuƙinsa, ya kunna birki a makare kumbon kuma bai daidaita ba, ya faɗa teku kilomita 400 nesa da inda ake jiransa, ya shafe kusan awa uku a kan ƙaramin kwalekwalen roba. Walter Schirra ya yi kewaye shida a watan Oktoba ba tare da wata babbar matsala ba. Gordon Cooper ya yi kewaye 22 cikin awa 34 a ranakun 15 da 16 ga Mayu 1963. Gab da ƙarshe lantarkin na'urar tuƙin kumbonsa ya lalace, iskar da yake fitarwa ta fara taruwa a ciki. Da agogon hannunsa da alamomin da ke jikin taga ya daidaita kumbon, Glenn yana ƙirga masa daƙiƙoƙi daga wani jirgin ruwa a kusa da Japan, ya kunna birki da hannu. Ya sauka ƙasa da kilomita 10 daga jirgin da ke jiransa.

Zuwa nan an gane cewa yawancin abin da likitoci suka ji tsoro bai tabbata ba. An ci abinci, an yi barci, ido ya gani. Titov ya yi fama da tashin zuciya, wanda har yau yake damun 'yan sama jannati da yawa a kwanakin farko, amma ba ya kisa. Haɗarin gaske daga na'ura yake fitowa: makunni, waya, bawul, ƙofa.

Abin da Tarayyar Soviet ta ɓoye

Tafiye-tafiyen Amurka a gaban 'yan jarida aka yi su. Na Soviet sai an yi nasara ake sanarwa, shi ya sa aka daɗe ana zaton sumul suka tafi. Tafiyar Gagarin ta minti 108 ba ta tafi sumul ba. Rokar ta kai shi sama fiye da yadda aka tsara, kuma birki ɗaya ne tak a kumbon. Da ya ƙi tashi, guzurin kwana goma da ke ciki zai ƙare kafin kumbon ya gangaro da kansa. Birkin ya tashi a samaniyar yammacin Afirka, kusa da Angola, amma ɓangaren injin ya ƙi rabuwa da ɗakin matuƙi, suka yi ta wulwulawa tare na kusan minti goma kafin su rabu. Gagarin ya fice daga kumbon a tsayin kilomita 7 ya sauka da lema a yankin Saratov, abin da hukumomin Soviet suka daɗe ba su amsa ba.

Makonni uku kafin wannan, a ranar 23 ga Maris 1961, wani matashin da ake horarwa, Valentin Bondarenko, mai shekara 24, ya mutu da ƙuna. Yana cikin ɗakin gwaji mai yawan oksijin, audugar da ya goge jikinsa da ita, jiƙe da sinadari mai kama wuta, ta faɗa kan murhun lantarki. Ba a bayyana mutuwarsa ba sai 1986. A ranar 18 ga Maris 1965 kuma Alexei Leonov ya zama mutum na farko da ya fita wajen kumbo. Cikin minti 12 rigarsa ta kumbura har ya kasa komawa, sai da ya rage iskar cikinta. Na'urar saukarsu ta ƙi aiki, shi da Pavel Belyayev suka sauka a dajin Perm cikin dusar ƙanƙara, suka kwana biyu kafin a fitar da su.

Zamanin Gemini da ƙarshen tashar

An rufe tashar Zanzibar bayan juyin juya halin Janairu 1964, aka maye gurbinta da wata a Madagaska. Ta Kano ta ci gaba. A shirin Gemini, mai ɗaukar mutum biyu, wanda aka yi tafiye-tafiyensa goma a 1965 da 1966, layukan sadarwa sun inganta, har mai magana da ke zaune a Houston kan yi magana da kumbo kai tsaye ta eriyoyin Kano.

Giɓin da ke tsakanin tashoshi bai gushe ba, kuma a cikinsa ne mafi munin haɗarin Gemini ya fara. A ranar 16 ga Maris 1966 Neil Armstrong da David Scott suka haɗe kumbonsu, Gemini 8, da wata roka marar matuƙi, karo na farko da aka taɓa yin haka. Jim kaɗan bayan sun fita daga inda wata tasha ke jin su, ɗaya daga cikin bututun daidaita kumbon ya maƙale a kunne. Suka zaci rokar ce ke da laifi suka rabu da ita, sai juyin ya ƙaru har ya kusa kai zagaye ɗaya a daƙiƙa, ganinsu ya fara dushewa. Armstrong ya kashe na'urar tuƙin gaba ɗaya, ya tsayar da juyin da bututun da aka tanada don dawowa gida. Dokar tafiyar ta ce duk wanda ya taɓa wannan tanadi dole ya sauko, suka faɗa Tekun Fasifik ƙasa da awa 11 da tashinsu.

Gemini ya ƙare a watan Nuwamba 1966, aikin tashar Kano ma ya ƙare da shi, domin ba ta shiga cikin tashoshin shirin Apollo na zuwa wata ba. A duk shekarun da ta yi aiki babu wanda ya mutu a cikin kumbo. Mace-macen sun zo ne nan da nan bayanta. A ranar 27 ga Janairu 1967 gobara ta tashi a kumbon Apollo 1 ana gwaji a ƙasa. An cika ɗakin da zallar oksijin, ƙofar kuma ciki take buɗewa, matsin iska ya hana buɗe ta. Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee suka mutu. Har yau ana muhawara ko sanin labarin Bondarenko zai sa Amurkawa su sauya tsari. A ranar 24 ga Afrilu 1967 lemar Soyuz 1 ta ƙi buɗewa, ta biyun ta harɗe, Vladimir Komarov ya faɗo a yankin Orenburg ya mutu. A ƙarshen watan Yuni 1971 wani bawul ya buɗe a kumbon Soyuz 11 yana kan hanyar dawowa, iskar ciki ta fice, Georgi Dobrovolsky da Vladislav Volkov da Viktor Patsayev, waɗanda ba sa sanye da rigunan kariya, aka tarar da su a mace a kujerunsu bayan kumbon ya sauka daidai inda aka tsara.

Akan haɗa labarin tashar Kano da wayar da Shugaba John Kennedy ya yi da Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan adam na Syncom 2 a ranar 23 ga Agusta 1963. Wannan ba ta Kano ta bi ba, ta wani jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar Legas ta bi. Amma irin waɗannan taurari ne suka kashe kasuwar tashoshin ƙasa: daga 1983 NASA ta fara harba taurarin sadarwa nata, masu hangen kumbo a kusan dukan kewayensa. Najeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya, NASRDA, a 1999, aka harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga Plesetsk a Rasha a watan Satumba 2003.